Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Likita ya auna ni, ya ɗaga gira:
"Malam Jalo, tumbin nan ya riga ka shigowa ofis."
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ran Asabar na sauka Sabon Layi,
shagon Bappayo, ƙarfe sai sheƙi.
Ga injin gudu, shimfiɗe kamar tabarma mai tafiya.
Na tambayi kuɗi, ya faɗa,
nan take zuciyata ta yi gudun da likita ke nema.
"Yana cin wuta?" Ya ce sosai.
Na tuna Tumfure, inda wuta ke leƙo mu
kamar baƙon da ya yi ɓatan kai.

Ga keken da ba ya zuwa ko'ina.
Irinsa ke gidan Ardo maƙwabcina;
sati uku ya tuƙa,
yanzu shi ke riƙe masa babbar riga da tawul.

Ga ƙarafan ɗagawa a jere.
Na cicciɓi na tsakiya,
kafaɗata ta ce: shekarunka nawa?

Sai na nuna wata igiya a lungu.
Bappayo ya ɓata rai, ya miƙo canji.

A gida na cika gwangwanin madara biyu da siminti,
na soka guntun bututu tsakaninsu.
Bayan asuba, a tsakar gida,
Iklima 'yar auta ke ƙirga min tsalle:
"Sha ɗaya, sha biyu... Baba, ka taka!"
Mu koma ɗaya.

Jiya bel ɗina ya matsa huji guda.
Ban gaya wa kowa ba.
Wandon dai ya sani.