Mai Riƙon Igiya

Rana ba ta saurin shiga kwazazzabon Todga.
Sai hantsi take leƙowa ta saman jan dutse,
kamar baƙuwar da ba ta tabbatar da gidan ba.
Mu kuwa tun asuba muna gindinsa,
ni da Yidir, ɗan ƙanwar mahaifiyata,
da igiya mita saba'in, da dabino a aljihu,
da gurasar da uwarsa Itto ta naɗe mana a tsumma.

Ya shafa alli a tafi, ya yi bisimilla,
ya ce, "Assu, duba ƙullina."
Na duba. Na ja. Na sake dubawa.
Wannan kam ko gaban alƙali zan rantse.

Ya kama dutse kamar ƙadangaren da ya hango rana.
Ƙugiya ta ɗaya, ƙas. Ta biyu, ƙas.
Ni aikina saki da ja,
wuya a tanƙware, ido a kan tafin takalminsa.
Rafi na ta surutunsa a bayana,
wata mota ta sauke masu ɗaukar hoto,
awakin Hammu na tsallaka titi ba neman izini.

Tsakanin ƙugiya ta takwas da ta tara
wani guntun dutse, bai fi kan rago ba,
da ya yi shekara dubu yana haƙuri,
ya zaɓi yau ya gaji.
Ya ɓalle a hannunsa. Suka taho tare.

Ban ji ihu ba. Igiya na ji,
ta fizge ni har ƙafafuna suka rabu da ƙasa,
ta zana mini wuta a tafin hannu.
Sai tsit. Har rafin ya haɗiye yawu.

Ga shi can yana reto,
hular kwano ta dare kamar ƙwarya,
ƙafar hagu na kallon inda ƙafa ba ta kallo.
"Yidir!"
Dutse ya mayar mini da sunan sau uku,
mai sunan bai amsa ko ɗaya ba.

Na so in sauko da shi, igiya ta cije a tsaga,
ba gaba, ba baya.
Mai riƙon igiya ba ya gudu neman agaji,
ba ya buɗe tafi ya roƙi Allah.
Da hannu a dunƙule na roƙa.

Tiziri mai sayar da gyale ce ta kwasa a guje,
hajarta a zube kan duwatsu.
Baha, jagoran baƙi, ya ajiye shayi bai kurɓa ba,
ya rataya tasa igiyar, ya bi ta gefe.
Ban taɓa ganin tafiya mai nawa irin tasa ba,
alhali sun ce minti ashirin ya yi.
Inuwa ta dawo. Yatsuna suka daina zama nawa.

Can sai murya ta faɗo daga sama:
"Yana numfashi!"

Suka sauko ɗaure da juna, taƙi bayan taƙi.
Mai shayi ya ciro ƙyauren shagonsa,
aka ɗaure ƙafar da sandar Hammu da gyale biyu,
mu shida muka ɗauka, ruwa har ƙwauri,
ina ta ce wa zuciyata: ƙyaure ne, ba makara ba.

A bakin motar asibitin Tinghir ya buɗe ido,
ya dube ni, leɓe a fashe:
"Ka kwaso ƙugiyoyina? Tsada gare su."
Na zage shi. Na fashe da kuka.

Da dare Itto ta iso, ba ta tambaye ni komai ba.
Hannuna ta kama, tana miƙe yatsun ɗaya ɗaya,
suna komawa.
Gurasarta na jaka, ko ɓalla ba mu yi ba.

Bayan kwana uku na koma kwance igiya.
Can sama na tarar da shatin tafinsa, fari fat,
kusa da sabon tabo a jikin jan dutse.