Fadama da Jigawa

Ranar kasuwar Jega na fita da fuska a lulluɓe,
ba don kunya ba, don raɗaɗi.
Sukari da lemon tsami Hurera ta ba ni,
ta ce da su kumatunta suka yi sheƙi.
Na dirza kamar mai kankare ƙanzo a tukunya.
Da safe madubi ya ƙi amsa gaisuwata.

Inna Tasalla na can bayan 'yan manja,
kwanoni bakwai a gabanta, kowanne da faifai a kai.
Ba ta tambayi nawa na zo da shi ba.
Ta ce, "Ɗaga mayafin."
Ta danna babban yatsa a goshina, ta dubi yatsan,
ta shafi kuncina da bayan hannu
kamar mai auna zazzaɓin yaro.

"Mi kika yi ma kanki, ɗiyata?
Goshinki fadama, maiƙo kwance.
Kumatunki jigawa, ko raɓa ba su riƙewa.
Wa ke shuka iri guda a gonakin nan biyu?
Hurera fatar ganga gare ta, a doka ta yi daɗi.
Taki ɓawon albasa ce."

Ta ƙulla mini garin shinkafa, tankaɗe uku,
na goshi da karan hanci.
Na kumatu kuwa zuma da kindirmo kawai,
ko tsaki ɗaya kada ya shiga.
"Fara da bayan kunne, ki kwana, ki gani.
Abin da ya yi zafi ba aiki yake ba,
faɗa yake."

Na miƙa hannu wajen kwanon dilka.
Ta mayar da faifai.
"Ba bana ba. Bar gona ta huta."

Sai da ɓawon ya sāɓe, sati biyu, kafin na taɓa ƙullin.
Yanzu daren Alhamis kaɗai nake kwance shi,
yatsu biyu, ruwa mai ɗumi,
a hankali, kamar mai tada jinjiri daga barci.

Hurera na nan da sukarinta,
tana sheƙi abinta, Allah ya ƙara.
Jiya ta leƙo fuskata ta ce in sam mata nawa.
Na ce ta bari ranar kasuwa,
mu kai goshinta wurin yatsan Inna.