Usur a Kan Ƙusa

Ni ke zuba layin fili,
farar ƙasa a gwangwanin madara mai huda,
shekara sha ɗaya a kwalejin nan ta Sakkwato.
Kociyoyi huɗu na tarba da jaka,
huɗu na raka bakin get.

Na fari, Malam Haliru,
ya tara yara a inuwar dogon yaro bayan la'asar,
ya ce tsohuwa ce kwance a Gwadabawa,
ba mai juya ta sai shi.
Aka yi karo-karo.
Modi gola ya zazzage kuɗin sabulunsa.
Sati uku, sai ga muryarsa a rediyo
yana cika baki da wata ƙungiya a Birnin Kebbi.
Tsohuwa kuwa na gan ta ran kasuwa
tana cinikin albasa,
muryarta ta danne tawa.

Na biyu ya ce likita ne.
Hawan jini, wai, da ranar garin nan ba sa shiri.
Ya dafe ƙirji, muka ce Allah ya sawwaƙe,
alhali duk muna nan aka zura mana
bakwai da nema a Giginya,
masinja kuma ya ji ta taga
sa'ad da aka ce masa: ka sauka, ko a sauke ka.
Wannan ban riƙe shi ba.
Wanda ruwa ya ci wa wando
da ganye ma ya rufa, ba a yi masa dariya.

Na uku, Attahiru, ya iya zance.
"Na ji a jikina lokaci ya yi."
Lokaci ya yi, da kwali biyu na riguna.

Sai Jelani.
Gajere, mai ɗingishi, usur ɗinsa ɗaure da igiyar takalmi,
shi ya koya wa Bande buga ƙwallo da hagu,
shi ke sayo ƙanƙara da aljihunsa ran wasa.
Ranar da zai tafi bai nemi inuwa ba,
tsakiyar da'irar da na zana ya tsaya:
"Mi kuka so in ce muku?
Wata bakwai ban ga ko sisi ba.
Ɗiya huɗu gare ni, mai gidan haya ya daina gaisuwa.
Kano sun ce ninki biyu, da ɗaki.
Ina son ku,
amma ban iya dahwa ku in ci."

Shiru.
Ƙwallo ta gangara, ba wanda ya tare ta.
Bande ya tofar da yawu ya juya baya.
Kafin magariba sunansa ya koma maci amana,
ɗan kuɗi, wanda ya sayar da yara.
Ba karo-karo, ba hoton bankwana.
Ni kaɗai na riƙe masa jaka har tasha,
ya ce in ba na gaba usur ɗin, yana kan ƙusa.

Haliru in ya zo gari har yau
a kan tashi a ba shi kujera,
a tambaye shi jikin tsohuwa.

To ku da ke zaune a teburin mai shayi
kuna cewa koci ba ya faɗin gaskiya,
ran da aka kawo muku ita ba sukari
wa ya kurɓa?

Ni ma ga shi an yi mini hanya
a kamfanin siminti, Kalambaina,
albashi ran ashirin da biyar, ba bin ofis.
Litinin zan shiga wurin shugaba.
Tun jiya nake gwada tafiyar a tsakar gida,
matata na dariya a bakin murhu:
gwiwa ce, ranka ya daɗe,
gwiwar nan ta hagu.