Ja Ba Ya Nutso

Abin da teku ta fara koya mini ke nan:
ja ba ya nutso.
Gaba biyar a ƙasa sai ya yi laushi,
gaba goma ya tuɓe rigarsa ya koma toka.
Ran da murjani ya tsaga mini yatsa a gindin Bunaken,
jinin da ya fito kore ne,
yana tashi a hankali kamar hayaƙin ɗanyen ganye.
Na shagala da kallonsa har iskar tuluna ta yi ƙasa.

Da safe ni ce Meiske mai ɗaurayar tabarau,
mai shanya takalman kwaɗo na baƙi,
mai jan tulunan iska zuwa jirgin Om Rondo.
Da yamma, in an biya ni,
sai kantin Ko Aseng:
shuɗi gwangwani biyu, fari ɗaya,
buroshi kuwa sai in canji ya yi saura.
Allona falankin tsohon kwalekwalen babana ne,
har yau in rana ta buge shi warin kifi yake yi.

Na zana kunkuru yana barci, kai a rami, gindi a fili.
Na zana mai hannu takwas
yana sauya launi kamar maƙaryaci gaban alƙali.
Na zana ƙananan kifayen nan masu juyawa lokaci guda
ba tare da wani ya ce musu ku juya ba.
Mako uku suka ci mini.
Ɗari huɗu da sha ɗaya na ajiye buroshi,
hannuna ya gaji, teku ba ta ma fara ba.

Asabar na jera su a bakin gaɓar Manado,
tsakanin mai suyar ayaba da mai tallar huluna.
Jama'a suka ci da ido, suka share baki, suka wuce.
Wata mata daga Busan ta tsaya,
ta zaro waya ta nuna mini kifin nan nawa
ja wur kamar barkono.
Haka take so, wai ya dace da kujerun falonta.
Na ce wannan jan aro ne, fitilar kyamara ta ba shi.
Ta taya rupiya dubu ɗari biyu in zan ƙara.
Bakina ya ce albarka,
cikina ya harare shi har gida.

Kada in yi ƙarya.
Da mai gidan haya ya daina amsa gaisuwata,
na sayi ja ƙaramin gwangwani,
na shafa wa kifaye uku janbaki,
suka tafi kafin azahar.
Na ci shinkafa da nama a daren,
ta yi daɗi kuma, abin haushin ke nan.

Mai tokar nan dai ya yi kwantai wata biyar
har Opa Welly ya zo wucewa da sandarsa,
shi da ya yi nutso da tabarau na itace tun ba a haife ni ba,
ruwa ya cinye masa kunne ɗaya.
Ya duƙa. Ya daɗe.
Ya ɗora yatsa kan fenti, ban hana shi ba.
"Na san gidan wannan," ya ce,
"ƙarƙashin dutse mai baki biyu.
Da kakansa muka saba."

Ya kwance bakin zaninsa:
dubu talatin, duk sun yamutse,
da bandar kifi biyu a ganyen ayaba.
Ko kuɗin fenti ba su kai ba.
Na ce na sallama.

Jikarsa ta ce ya rataye shi daura da gadonsa,
ƙasa ƙasa, daidai idon wanda ke kwance,
kuma kafin ya kalle shi
sai ya ja numfashi ya riƙe.