Mai Raɗa a Ƙarƙashin Dandali

Shekara goma sha tara ke nan
ina zama a ramin dutse, ƙarƙashin dandali,
a wannan tsibiri na Girka inda gyare ba ya gajiya,
takarda a cinya, 'yar fitila a gefe.
Aikina raɗa. In ɗan wasa ya manta, in jefa masa kalma.

Anargiros, mai matsar man zaitun a bayan coci,
shi ke sa fuskar sarki, ta katako, mai wangamemen baki.
Da rana mutum ne mai yafe bashi.
Da dare, in ya ɗaure igiyar a ƙeya,
har takunsa sai ya canza.

Labarin ya girmi ciyawar da ke tsakanin kujerun nan.
Gari na yunwa, ana jiran jiragen alkama.
Wani ya kawo wa sarki tsegumi
cewa ƙaninsa na tafe ta teku da mayaƙa.
Bai tambayi wa ya gani ba.
Ya ce a kashe wutar gaɓa,
wadda ke nuna wa matuƙa haƙoran duwatsu.

Sai tsohuwa mai gadin wutar ta fito,
Garifalia ce mai kifi, murya kamar tsohon ƙyaure:
"Ranka ya daɗe, duhu bai san maƙiyi ba.
Duk wanda ya zo, shi zai haɗiye."

Nan ne, kowace shekara, hannuna ke rawa.
Tsakanin maganarta da amsarsa
akwai shiru na numfashi uku.
Ƙofa ce a buɗe, ko jaki da kaya zai wuce.
Da zai ce, "Bari mu kwana a kai,"
da mun watse tun wata bai fito ba,
kowa ya ci burodi,
ba mai tuna sunan garin.

Amma ga dattawa goma sha biyu a gefe
suna gyaɗa kai,
wai abin da sarki ya hango, ido bai kai ba.
Shi kuma ya riga ya furta a gaban jama'a,
magana zarar bunu,
girman kai rawanin tsiya.
Aka ɗaure ta, aka kwara wa wutar ruwa.

Bara ya manta maganarsa. Na rantse ya manta.
Ya tsaya, fuskar katako na kallon ramina,
mutum ɗari bakwai sun riƙe numfashi.
Ni, da bakina, na raɗa masa: "Ku kama ta."

Sauran kun sani, ko ba ku taɓa gani ba.
Da asuba manzo ya shigo, jiƙe, da takalmi ɗaya.
Babu mayaƙa. Jirage bakwai ne na alkama,
a na gaba kuma ɗan sarki,
wanda shi da kansa ya aika ya sayo.
Kwana uku teku na amayar da hatsi a yashi.
Tsuntsaye suka ƙoshi.

Ba mugu ba ne, abin da ke hana ni barci ke nan.
Yana son garin. Tsoro ya ji,
sai ya raɗa wa tsoronsa suna doka,
kuma babu hannun da ya isa ya riƙe nasa.

A daren, da aka tashi,
magajin gari a kujerar gaba ya fi kowa tafi,
shi da ya kori injiniyan
da ya ce katangar tashar jirage ta tsage.

Anargiros ya cire fuskar, gumi har gemu,
ya leƙo ramina: "Ko sau ɗaya,
ka raɗa mini wani abu dabam."
Na nuna masa takardar.
Ya ce, "To, da ka yi shiru mana."

Na hure fitila. Muka gangara a duhu,
muna lalubar matakala da ƙafa,
teku can ƙasa tana taunar dutse.