Abin da Na Tsinta a Aljihun Kwat

Dilar ta iso daga Kwatano ranar Litinin.
Na datse ƙarfen ɗaurin a bakin rumfata,
warin gwanjo ya tashi,
warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe tagarsa ba.
Kwat ta goma sha ɗaya, ruwan toka, nauyi kamar bargo.
Wa zai saye ta a Maraɗi cikin bazara?
Na laluba aljihu yadda na saba,
ko a dace da sulen da ba ya sayen kome.
Sai kaset.

Rediyon Tsahiru mai shayi har yau yana cin kaset
in an danne murfin da ɗan yatsa.
Mace ce ke rerawa. Babu ganga.
Wani abin busa na bin ta a baya
kamar algaitar da ta kwana da mura.
Ban kama kome ba sai kalma guda
da ke tafiya tana dawowa:
girit, girit.

Mushe Lawali na lakwal ɗin unguwar Zariya
ya kurɓi shayi ya ce,
"Ingilishi ne, mai sauƙi ma.
Gaisuwa ke nan, tana gaida wani."
Na ce to.
Amma shekara arba'in ina gaisawa da mutane,
ban taɓa jin an gaida mai rai da irin wannan murya ba.

Kwana tara kalmar tana kunnena kamar ƙwaro,
har ran da Inna Baraka ta zo wucewa da fura.
Ta tsaya. Ta sauke ƙwarya.
"Ku maido wurin nan."
Tsahiru ya juya tef da biro.

"Wagga ba ta littafi ba ce," in ji ta.
"Sistar da na yi wa girki a asibitin Danja
'yar Sikotlan ce, garin duwatsu da yayyafi.
In ta ɗauki allura, yaro ya ɓare baki,
sai ta dafa kansa ta ce, dina girit.
Kar ka yi kuka.
A bakin mutanensu girit kuka ne."

Mushe ya ce ƙamus bai faɗi haka ba.
Ta aza ƙwarya a ka:
"Ƙamus ɗin ya taɓa riƙe ɗiyan mutane ana yi musu allura?"

Da dare na kasa barci.
Mu ma ai kuka tana tsaye a bakin Gulbi,
muna kaɗa ta a miya,
kuma shi ke fita daga ido.
Na tuna rasuwar Baba:
kwana uku a kan tabarma,
mutanen Tibiri, mutanen Jibiya,
kowa ya tuɓe takalmi ya ce, mun zo gaisuwa,
mata a cikin gida suna yin ɗaya ma'anar.
Ashe Mushe bai yi ƙarya ba,
rabi ya sani.

Mai kwat ɗin fa?
Kayan rayayye ba kasafai suke zuwa da kaset a aljihu ba.

Na sayar da ita ga wani mai gadin dare, jaka uku,
ya ce hannun ya yi masa tsawo.
Kaset ɗin na wurin Tsahiru.
Tef ya fara taunewa daidai kan kalmar,
don nan muke ta maidowa.