Takardar Ƙarshe ta Eino Rautio

Afrilu ya kama a Thunder Bay.
Ƙanƙarar tafki ta fara darewa,
ni kuwa ga ni a teburin ɗakin girkinka, Baba,
da kwalin takalmi maƙil da rasitai
da biron nan da ka tauna wa kai.

Wata bakwai ke nan da muka rufe ka,
amma hukumar haraji ba ta zo ta'aziyya ba.
Abin da take son ji
shi ne nawa ka samu
daga ɗaya ga Janairu zuwa sha tara ga Satumba.
Abin da ya biyo baya ba ruwanta.
Wannan kason nawa ne.

Suna, na rubuta.
Adireshi, na rubuta, har hannuna ya tsaya,
don gidan na nan, mai gidan ne babu.
Ranar rasuwa: 'yan gurabe takwas,
huɗu na shekara, biyu na wata, biyu na rana.
Babu gurbin ƙarfe huɗu na asuba,
babu na ma'aikaciyar jinyar da ta ja maka bargo
bayan sanyi ya daina damunka.

Kuɗin shiga: fansho daga rumbunan alkama na bakin tasha,
shekara talatin da ɗaya kana shaƙar ƙaiƙayi,
ga shi duka ya shige layi guda
har da sauran fili.

Na kira Veikko a Calgary.
Ya ce, kai wa akawu mana, me za ki wahalar da kanki?
Na ce to.
Na ajiye waya, na ci gaba da zazzage kwali.

Rasitin kemis, arba'in da uku.
Kuɗin hayar tukunyar iskar numfashi.
Tasi zuwa asibiti, dala sha huɗu,
a bayansa ka rubuta: direban ya san kamun kifi.
Sadakar coci, ashirin duk Lahadi,
kai da kullum kake ƙorafin fasto ba ya sanin ƙarshen wa'azi.

Sai wasu 'yan ƙanana, an ɗaure da roba,
daga wani shagon shayi a titin Bay.
Alhamis, Alhamis, Alhamis.
Kofi biyu, burodin kirfa ɗaya.
Kofi biyu.
Mama ta yi shekara shida a ƙasa,
ni kuma Alhamis ina wurin aiki.
Na duba littafin umarni daga fari har ƙarshe,
ba a rage wa mutum haraji don kofi na biyu,
ba a kuma faɗin wanda ya sha.

Na buga lissafi sau uku.
Ashe su ne ke riƙe da kuɗinka:
dala ɗari biyu da sha ɗaya da 'yan kwabbai.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
har cikin gwamnati.
Da kana nan da ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

A ƙasan shafi, wurin sa hannu.
Kai ka koya mini sa hannu, ina 'yar shekara tara,
ka ce a ja wutsiyar harafin ƙarshe yadda ba mai iya kwaikwaya.
Yau na sa nawa a inda naka ya saba zama,
na rubuta a gefe cewa ni wakiliya ce.
Wutsiyar ta karkace.

Na liƙe ambulan, na jefa a jan akwatin kan kwana.
Ƙarfen ya rufe bakinsa, ƙwas.

Rasitan Alhamis suna aljihun rigar sanyina.
Jibi zan ɗauki hutun rabin yini,
in zauna kusa da taga tun ƙarfe goma,
in ce a kawo kofi biyu,
in ga wa zai shigo
ya dubi kujerar kafin ya dube ni.